Wai sau nawa a sati sabon shiga zai riƙa motsa jiki?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema kafin in illata kaina da kaina. Shekarata 34, aikin zama nake yi daga safe har yamma, rabona da in yi gudu da gangan tun ina sakandare, to yanzu teɓa ta kai in zan ɗaura igiyar takalmi sai na riƙe numfashi, shi ne na ce bari dai in tashi tsaye. Litinin na fara, na yi gudu kusan minti 40 ina yi ina tsayawa, na dawo na kama fush-of da tsuguna-tashi har ƙafafuna suka fara rawa, Talata na maimaita, Laraba ma na lallaɓa na fita, yau Alhamis wlh da baya na sauko daga bene kamar mai saukowa daga tsani, ɗaga hannu in sa riga ma aiki ne. Tambayata wai sau nawa ya kamata mutum ya riƙa yi a sati in yanzu ya fara? Kullum ne ko akwai ranar hutu? Don ni tsorona in na huta yau to na huta kenan har abada, na san halina.

Sarkin Ƙarfe: Wa alaikumus salam. Kar ka kuskura ka huta ɗan'uwa, tsamin nan da ka ji alama ce aiki ya fara shiga kuma maganinsa ƙarin tirenin. Ni kwana 6 nake yi a sati yau shekara 8 kenan ban mutu ba. Jiki kamar jaki yake, ka sassauta masa ya kwanta maka a tsakiyar hanya.

Kwance Na Fi Kyau: Ni dai tsarina sau ɗaya a shekara ne, ranar 1 ga Janairu, kuma alhamdulillah ban taɓa targaɗe ba hhhhh

Anti Fiziyo: Haba Sarkin Ƙarfe ka ji tsoron Allah mana, mutumin da yake saukowa bene da baya za ka ce wa ya ƙara? Kai shekara 8 kana yi, shi fa kwana 3. Sabon Shiga ƙanina saurare ni da kyau, ni ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a asibiti, aikina kenan, masu irin zumuɗinka su ne suke cika mana layi da ciwon gwiwa da na ƙwauri. Kwana 3 a sati ya ishe ka a yanzu, kuma ba a jere ba, ka riƙa sa kwana ɗaya a tsakani, Litinin Laraba Juma'a ko Talata Alhamis Asabar duk wanda ya yi maka daidai. Abin da mutane ba su gane ba shi ne ba a lokacin tirenin jiki yake ƙara ƙarfi ba, a lokacin nan gajiyar da tsoka kawai kake yi kana yi mata 'yan ƙananan raunuka, sai ka huta ka yi barci sannan jiki yake bi ya gyara wurin har ya ƙara masa ƙwari fiye da da, kuma gyaran nan yana son kamar awa 48. In ka koma ka sake dukan tsokar kafin a gama, kamar mai hawa kan sabuwar katanga ne tun ba ta bushe ba.

Tsamin kuma ba nan take yake zuwa ba, yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya yi tsanani tsakanin kwana 1 zuwa 3, kai kuma ka tara na kwana uku a kan juna shi ya sa yau abin ya taso maka gaba ɗaya. Saukowa bene ya fi hawa zafi saboda wajen sauka tsokar cinya tana riƙe nauyinka kuma tana miƙewa a lokaci ɗaya, irin wannan aikin ne ya fi kawo tsami. Amma tambaya ɗaya ka ba ni amsa yanzu, yaya launin fitsarinka?

Sabon Shiga: Ikon Allah, Anti me ya kawo fitsari kuma cikin maganar? Lafiya lau yake dai, ya ɗan yi rawaya da safe.

Anti Fiziyo: To madalla. Na tambaya ne saboda in wanda bai saba ba ya yi wa jiki aikin da ya wuce kima tsoka tana iya lalacewa sosai har abin da ke cikinta ya zubo cikin jini ya je ya wahalar da ƙoda, alamarsa fitsari ya yi duhu ya koma ruwan ƙasa, ga kumburi ga ciwon da ya wuce tsami na yau da kullum. Ba kasafai yake faruwa ba amma duk wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, ba gobe ba. Kai dai ka sha ruwa sosai ka bar gudun nan zuwa Litinin.

Sarkin Ƙarfe: Amma Anti ke ma kin san in mutum ya motsa tsamin yana sakinsa, wannan kam ba za ki musa ba.

Anti Fiziyo: Ban musa ba. Ya taka a hankali minti 15 ko 20, jini ya zaga, zai ji sauƙi. Takawa daban komawa gudun minti 40 daban.

Ɗan Boko: Bari in kawo lissafi don a daina ja-in-ja. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2020 ta ce babban mutum daga shekara 18 zuwa 64 yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, ko kuma minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya ƙara da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a sati. In ka raba 150 gida 5 minti 30 kenan sau 5 a sati. Don haka Anti da girmanki amma kwana 3 ɗin nan kamar bai cika mudu ba.

Anti Fiziyo: Malam Ɗan Boko ka karanta naka lissafin da kyau, 75 ɗin fa? Raba shi gida 3 ka gani, minti 25 sau 3 a sati. Sannan wannan adadin wurin da ake so a kai ne ba wurin da ake tashi ba, ita kanta hukumar ta ce wanda bai saba ba ya fara da kaɗan yana ƙarawa, kuma kaɗan ɗin ya fi babu.

Ɗan Boko: Na karɓi gyara, ban duba ta nan ba gsky.

Sabon Shiga: To ni yanzu ta yaya zan san wanne ne matsakaici wanne ne mai tsanani, ba ni da agogon nan mai ƙirga bugun zuciya.

Ɗan Boko: Ba sai da agogo ba. In kana yi kana iya hira da na kusa da kai amma ba za ka iya rera waƙa ba, matsakaici ne, kamar tafiya da sauri irin ta wanda ya makara. In kuwa kalma biyu uku kake iya faɗa sai haki ya katse ka to ka shiga mai tsanani. Minti 1 na mai tsanani yana tsayawa a madadin minti 2 na matsakaici.

Kwance Na Fi Kyau: Ni ko a zaune ban iya waƙa ba, ashe duk tsawon shekarun nan a matsakaici nake ban sani ba.

Maman 'Yan Biyu: Ku kuna ta maganar minti 30 minti 40, ni wlh in na samu minti 10 da babu mai kuka a gidan nan sai in ga kamar an ba ni hutun shekara. Abin da nake yi shi ne da safe kafin su tashi in yi tsallen igiya kaɗan da tsuguna-tashi, da rana in sun yi barci in ƙara minti 10, wataran shikenan wataran in samu na uku da yamma, to ina ta tunanin ko wahalar banza nake yi tunda ba a haɗe nake yi ba, wata ƙawata ta ce min in bai kai rabin awa a zama ɗaya ba wai jiki bai ma san an yi ba.

Ɗan Boko: Maman 'Yan Biyu ƙawarki ba ta yi daidai ba. Da can ma sharaɗin minti 10 ne a jere ba 30 ba, kuma a ƙa'idar 2020 an cire shi gaba ɗaya, yanzu duk motsin da kika yi yana shiga lissafi ko minti 3 ne. Ki tara naki na sati ki gani za ki sha mamaki.

Anti Fiziyo: Ki ci gaba 'yar uwa. Sai dai in haihuwar ba ta daɗe ba, ko aiki aka yi miki, ko kina ganin fitsari yana ɗan zubo miki in kin yi tsalle, ki ajiye igiyar tukuna ki ga likita ko irinmu, akwai atisayen ƙasan mara da ya kamata ya riga tsalle.

Maman 'Yan Biyu: Sun shekara 2 Anti, amma maganar tsallen nan kin taɓo wani abu, zan biyo ki ta gefe.

Lamba Tara: Ni fa ban yarda da wannan rabe-raben ba, ranar Lahadi kawai nake fita ƙwallo awa 2 cur ina zufa kamar an watsa min ruwa, sauran kwana 6 ko tsinke ba na ɗagawa, kuma ƙalau nake jina. A haɗa lissafin ai na wuce minti 75 nesa ba kusa ba.

Ɗan Boko: Kana da hujja kam. Akwai binciken da aka buga a 2017 a kan mutum sama da 63,000 a Ingila da Scotland, an ga masu tara motsa jikinsu a rana 1 ko 2 a sati su ma haɗarin mutuwar wuri ya ragu a wurinsu idan aka kwatanta da waɗanda ba sa yin komai.

Anti Fiziyo: Zuciya ta amfana ban ƙi ba, amma ku tambayi agara da tsokar bayan cinya. Litinin da safe 'yan ƙwallon Lahadi nake fara gani suna ɗingishi. Kai Lamba Tara jikinka ya saba tun kana yaro, wanda yau ya fara in ya kwaikwaye ka zai kwana a gado. Kuma ko kai da za ka ƙara ko minti 20 ranar Laraba da ka ga bambanci a zagaye na biyu.

Lamba Tara: Zagaye na biyu kam gola nake komawa, ba na ɓoyewa hhh

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum 'ya'yana. Ina karanta ku tun ɗazu. Shekarata 67, na fara ne bayan likita ya ce jinina ya hau, yau shekara 4. Ni ban taɓa gudu ba kuma ba ni da niyya. Tafiya nake yi da sassafe kusan kullum, minti 30, ranar da gwiwa ta yi gardama in yi 15 in dawo. Kwana 3 a sati kuma ina tashi daga kujera in zauna ba tare da dafa hannu ba sau 10, in huta, in sake, sannan in tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango ina ƙirgawa. Da na fara ko 5 ba na kaiwa sai na dafa, jikokina suna ta dariya, yanzu ina kai 30. Abin da zan gaya wa yaron nan shi ne sauri ya haifi nawa. Abokaina biyu muka fara tare, su suka ce tafiya wasan yara ce suka kama gudu kullum, wata ɗaya ba su rufa ba suka ajiye.

Anti Fiziyo: Allah ya ƙara lafiya Baba, abin da kake yi shi ne daidai abin da aka ce masu shekara 65 zuwa sama su yi, atisayen daidaita tsayuwa da ƙarfin ƙafa kwana 3 ko fiye a sati saboda gudun faɗuwa. Abu ɗaya kawai, da yake akwai hawan jini kar a riƙa riƙe numfashi wajen yunƙurin tashi, a fitar da shi. Kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko numfashi ya ɗauke masa fiye da kima ya tsaya nan take ya nemi likita, wannan na kowa ne ba na Baba kaɗai ba.

Baba Mai Ritaya: Na gode 'yata, Allah ya yi albarka.

Yaya Babba: Mu masu ciwon suga namu ya ɗan bambanta, an ce min kar in bari kwana 2 su wuce a jere ban motsa ba, saboda amfanin da motsi yake yi wajen saukar da suga ba ya daɗewa, kwana ɗaya zuwa uku ya tafi. Na gwada da na'urar awo na gani da idona, satin da na yi kasala lambar safe sai ta hau. Don haka tsarin Lamba Tara ba namu ba ne. Kuma mai shan magani ko allura ya yi magana da likitansa kafin ya fara don suga yana iya faɗuwa ana cikin yi.

Sabon Shiga: Na gode ƙwarai jama'a, na fahimci kwana 3 ɗin. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa ainihin matsalata. Ni ba jikina nake tsoro ba halina nake tsoro, sau uku ina fara irin wannan abin a rayuwata kuma duk ranar hutu ce take kashe ni, in ce yau hutu, gobe in ce ai jiya ma ban yi ba bari sai Litinin, Litinin ɗin da har yau ba ta zo ba.

Tsohon Malalaci: Yawwa, nan nake jira a zo. Ɗan'uwa ni ne kai shekara 3 da suka wuce, kambas ɗina har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Abin da ya cece ni shi ne na raba abu biyu da nake haɗawa, fita daban wahala daban. Fita kullum ce, ƙarfe 6 na safe ina sa kambas in buɗe ƙofa ko ana ruwa ko ana iska, wannan ba a tattaunawa. Wahala kuma kwana 3 ce kawai. Ranar hutu ina fita in taka minti 15 hannu a aljihu in dawo, ko zufa ba na yi, amma ƙwaƙwalwata ta san ƙarfe 6 lokacin fita ne, ba ta samun damar zama ta yi min lissafin yau ne ko gobe ne. Kuma tun dare nake ajiye kayan a bakin gado yadda in na sauko da ƙafa a kansu zan taka, don na lura in har sai na nemi safa ɗaya a cikin duhu to barci ya ci ni. Dokata ta biyu, in na fasa rana ɗaya ba komai, amma ba na fasa biyu a jere ko da minti 5 zan yi.

Ɗan Boko: Wannan ya yi daidai da wani bincike da aka yi a jami'ar UCL ta Landan a 2009, sun ga sabon hali yana ɗaukar kusan kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu 18 wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe abin ba. Zancen kwana 21 da ake yawo da shi ba haka yake ga kowa ba.

Sabon Shiga: Tsohon Malalaci Allah ya biya ka, wlh kamar ka shiga raina. To a kwana ukun me zan riƙa yi takamaimai?

Tsohon Malalaci: Ni da tsarin Couch to 5K na fara, wato daga zaman kujera zuwa gudun kilomita 5, wanda hukumar lafiyar Birtaniya NHS take da manhajarsa, sati 9 ne sau 3 a sati da hutu a tsakani. Satin farko ka ɗumama jiki da tafiyar minti 5, sai sassarfa daƙiƙa 60 tafiya daƙiƙa 90 kana maimaitawa har minti 20. Za ka raina shi ranar farko ka ce wannan ai wasa ne, kar ka tsallake, a ƙarshe minti 30 za ka riƙa yi ba tsayawa. Satin da ya yi maka nauyi ka maimaita shi, ni sati na 5 sau biyu na yi.

Anti Fiziyo: Raina shin nan shi ne tarkon. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni za ka ji haki ya ragu ka ga kamar za ka iya ninka gudun, alhali agara da ƙashi da gaɓoɓi su a hankali suke ƙarfi, watanni suke ɗauka, daga nan ciwon ƙwauri yake samo asali. A biyu daga cikin kwana ukun in ka dawo ka ƙara fush-of, ko a jikin bango ko gwiwa a ƙasa, da tsuguna-tashi, sau 8 zuwa 12 zagaye 2, ka tsaya tun kana jin da sauran biyu ko uku a jikinka. In ka yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi ba ciwo sai ka ƙara rana ta 4. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko yawan kwanaki ko tsawon lokaci ko nauyi, ba duka ba. Barci kuma kar ya gaza awa 7.

Sarkin Ƙarfe: Duk na ji amma ni dai har yanzu kwana 6 nake yi kuma ba abin da ya same ni.

Anti Fiziyo: To tsakaninka da Allah faɗa mana yadda kake raba kwana shidan.

Sarkin Ƙarfe: Litinin ƙirji da kafaɗa, Talata baya da damtse, Laraba ƙafa, Alhamis in sake zagayowa, Lahadi hutu.

Anti Fiziyo: Ka gani ko? Ƙirjinka daga Litinin sai Alhamis, awa 72 kenan yana hutawa, ka fi kowa ba wa tsoka hutu a nan amma ka zo kana ce wa bawan Allah kar ya huta.

Lamba Tara: An kama Oga dumu-dumu hhhhh

Sarkin Ƙarfe: To naji, an ci ni. Kuma in za a faɗi gaskiya shekarata ta farko kullum ƙirji nake bugawa don shi ake gani a madubi, kafaɗar dama ta riƙe sai da na yi wata 2 ko gora ba na iya ɗagawa sama da kai, har yau in sanyi ya yi tana tuna min. Sabon Shiga bi maganar Anti, amma in ka yi wata 6 ka neme ni in nuna maka ƙarfe.

Sabon Shiga: Jama'a na dawo da rahoto, yau sati 3 kenan. Litinin Laraba Juma'a sassarfa, sauran ranaku tafiya, sau ɗaya na fasa ranar wata Talata da na kwana a kan aiki kuma Laraba na fita. Tsami ya tafi tun satin farko, yanzu da gaba nake saukowa bene kamar kowa, fush-of daga 4 na kai 11. Sai dai teɓa tana nan daram ko gezau, sikeli ma rabin kilo kawai ya motsa, ko in ƙara sit-of kullum ne?

Anti Fiziyo: Sit-of ba ya zaɓar kitsen ciki ya ƙone, jiki daga ko'ina yake cire kitse, sannan rage ƙiba ba aikin motsa jiki kaɗai ba ne, wannan wata muhawarar ce. Daga 4 zuwa 11 ɗin nan ma yawanci ƙwaƙwalwa da jijiyoyin da ke kai saƙo ga tsoka ne suka koyi aikin, girman tsoka sai nan gaba. Ka ajiye sikeli, ka samu tef ka auna ƙugunka daidai cibiya yau ka rubuta, sai bayan sati 4 ka sake.

Sabon Shiga: Na auna, santimita 104. Kar wanda ya yi dariya.

Kwance Na Fi Kyau: Wa zai yi dariya, ni tef ɗin ne ma bai zagayo ba. Wai kambas ɗin nan dole sai mai igiya ko silifas ma zai yi? Tambaya kawai nake yi, kar wani ya sa rai.

Tsohon Malalaci: Ƙarfe 6 gobe zan kira ka.